Zaren da Aka Ɗaure a Kunnen Yaya

Shekara talatin da ɗaya Yaya ta yi tana yanke zare. Idan na faɗi haka mutane kan ɗauka tela ce, alhali ko maɓalli ba a taɓa ba ta ta ɗinka ba. Kamfanin ɗinki muke aiki, na kayan makaranta da na ma'aikata, dogon ɗaki guda mai kekuna sittin. Teburinta yana can ƙarshe kusa da taga. Duk rigar da ta sauko daga keke sai ta bi ta hannunta kafin ta iso wurina, don ni ce mai guga. Ta juya rigar ta baibai, ta bi ɗinkin da yatsa, duk inda zare ya yi jela ta datse shi daidai gindinsa, ta mayar da rigar, ta jawo wata. Daga safe har yamma aikin ke nan.

Almakashinta ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon tafin hannu ba, kullum yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi. An canza igiyar sau ba adadi, almakashin yana nan. Teloli suna kiranta Duba-gari, saboda babu wanda ya taɓa wuce da ƙazamin ɗinki ta gabanta. Da a teburin abin ya tsaya da sauƙi. A mota, in wanda ke gabanta yana da zare a kafaɗa, sai ka ji ƙyas, mutum ya waiga ya ga tsohuwa tana kallon taga. Ranar da wanda na aura ya fara zuwa gaishe ta, yana durƙushe yana jero gaisuwa, ta miƙa hannu ta datse zaren hannun rigarsa, sannan ta amsa. Na sha yi mata faɗa cewa wata rana za ta yanko wa kanta magana. Takan ce, "Auta, ba ni ba ce, hannun ne."

Ita ta raine ni. Ina shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ita tana sha tara. Ta yi aure, mijin ya rasu bai bar mata ɗa ba. Ni ma na yi nawa, ya ƙare yadda ya ƙare, na dawo da akwatina. Tun daga nan muke zaune a ɗaki biyu a hawa na uku, muna faɗa a kan gishiri da kuma wanda ya bar fitila a kunne. Ni mai zafi ce, ba na musu. Ita kuwa in ta yi shiru, gara ta zage ka.

Yaya ba mai kwaɗayi ba ce, amma akwai abu ɗaya da ba ta haɗa shi da komai, ƙanzon shinkafa. Da gangan take barin tukunya a wuta ta kama. In mun gama ci sai ta jawo tukunyar gabanta, ta kankare gindin da cokali, ta zauna tana ƙus-ƙus ido a lumshe. Ko ina yarinya ba ta taɓa sam mini ba. Takan ce ta ba ni komai na duniya, wannan kam nata ne.

Ƙwannafi ya daɗe yana cinta. Hutun rana a kamfanin minti ashirin ne, a tsaye take cin abinci, ta koma ta sunkuya a kan tebur. Shekara da shekaru tana kurɓar farin maganin nan na kwalba tana cewa ya wuce. Ban lura da ranar da ta daina cin nama ba. Ban lura da ranar da ta fara jiƙa burodi a shayi har ya narke ba. Abin da ya tona mata asiri guga ne. Wata Lahadi ina goge rigunanta na ga an rage su a gefe, kuma ba sau ɗaya ba, ga sawun ɗinki na farko, ga na biyu a cikinsa. Ashe ramewa take yi tana kai wa wani tela yana matse mata kaya don kada in gani. Na ajiye dutsen guga na je na tsaya a kanta. A daren jiyan na ga ta bar ƙanzo a tukunya, na ɗauka ƙoshi ne.

A asibiti wata likita ce ta karɓe mu, yarinya ce a idon Yaya, mai sanyin magana, da alamar ita ma ba ta samun barci. Ta zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki, ta fito ta zana mana a takarda. Ruwan ciki mai zafi da ke tasowa shekara da shekaru ya ƙona hanyar abinci, wurin ya warke da tabo, tabon ya tsuke. Ta ce abin da ya rage na hanyar bai fi kaurin fensir ba. Ba mugun ciwon nan na daji ba ne, mun gode Allah, amma abinci ba ya wucewa. Sau huɗu aka buɗa wurin, sau huɗu yana komawa ya tsuke cikin 'yan makonni.

Sai Likita ta fito da wani abu daga aljihun tebur ta ajiye a gabanmu. Bututu ne na saƙar waya, siririyar waya mai laushi, tsawonsa ya ɗan fi yatsa, an lulluɓe shi da roba, bakinsa biyu sun ɗan buɗe. Ta ce za a matse shi a zura, in ya isa wurin tabon a sake shi, ya buɗe ya tokare hanyar. Zai zauna wata biyu ko uku har wurin ya saba da faɗi, sannan a cire.

Yaya ta ɗauka ta juya shi, ta leƙa ciki, ta bi saƙar da farce tana neman inda waya ta yi jela. Ba ta samu ba. Ta ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aiki."

Likita ta ce, "Ya iya, Mama, amma akwai matsala ɗaya, gara in faɗa miki tun yanzu. In aka bar wayar tsirara, nama zai shiga ramukan ya riƙe ta gam, ba ta motsi, amma kuma ba ta ciruwa. In aka lulluɓe ta da roba kamar wannan, tana ciruwa lafiya, amma santsi gare ta. Ita kuma hanyar abinci aikinta turawa ƙasa. Duk abin da aka sa mata, ƙasa take tura shi."

Tana cikin wannan bayani na ga idon Yaya ya sauka a kan maɓallin farar rigar Likita. Na taka mata ƙafa. Ban yi sauri ba, ƙyas, an gama. Likita ta duba ƙirjinta, ta dubi Yaya, ta yi dariya, wadda ita ce ta farko da na ga ta yi.

Na farko kwana tara ya yi. Ran na goma shayi ya dawo wa Yaya ta baki, aka ɗauki hoto, ga shi can kwance a cikin ciki. Aka sa mata barci aka jawo shi. A mota muna dawowa ta ce, "Wannan ɗan haya ne, bai zo da niyyar zama ba." Daga ranar sunansa ke nan a gidanmu.

Ɗan haya na biyu ya fi na farko faɗin baki, kuma Likita ta maƙale shi da wasu 'yan ƙananan ƙarafa a jikin nama. Mako uku ya yi. A makon nan uku Yaya ta ci ƙwai, ta ci shinkafa mai laushi, har kumatunta suka fara dawowa. Ta tambayi Likita ko za ta iya cin ƙanzo, aka ce ta jira a cire tukuna. Ta ce to. Wata safiya ta yi tari mai ƙarfi, ta dafe ƙirji, ta dube ni. Na gane wannan ma ya zame, na je na ɗauko mayafina da katin asibiti.

Ba zan ɓoye ba, a lokacin na gaji. Na gaji da bencin asibiti, da warin maganin goge ƙasa, da roƙon manaja ya ba ni rabin yini. Na gaji da tace romo. Na gaji da cin abincina a tsaye a kicin, da sauri, kamar wadda ta sato, don kada ta ji ƙarar cokali. Akwai ranar da na ji haushinta ƙarara, ita da maƙoshin nata, sannan na ji kunyar kaina, kuma kunyar ba ta kore haushin ba.

A karo na uku Likita ta zaunar da mu ta rufe ƙofa. Ta nuna mana wani iri dabam. Jikinsa duk a lulluɓe yake, sai bakin sama kaɗai aka bari tsirara, faɗin farce, don nama ya kama nan kawai, kamun da za a iya ɓamɓarewa daga baya. Amma nama yana bukatar kwana goma sha huɗu kafin ya kama, kuma a kwanakin nan dole wani abu ya riƙe shi. Za a ɗaura zare a bakinsa, a biyo da zaren ta maƙogwaro a fito da shi ta hanci, a bi da shi ta kumatu da filasta, a ɗaure a kunne.

Yaya ta ce, "Wato za ku ɗaure ni kamar akuya."

"Kwana sha huɗu kawai, Mama. Kuma ina so ki ji wannan da kyau. Bangon wurin ya yi laushi, ya sha wahala. In wannan ya zame, ba zan sake sa wani ba yanzu, ina tsoron ya yage. Sai dai mu huda ciki mu sa miki bututu, ki riƙa samun abinci ta nan."

"Ba ta baki ba?"

"Ba ta baki ba. Sai dai ɗan ruwa, ki jiƙa harshe."

"Har yaushe?"

Likita ta ce ba ta sani ba. Na gode mata da ba ta yi mana ƙarya ba.

Haka muka dawo gida da baƙin zare mai sheƙi, ya fito daga hancin dama, ya ratsa kumatu, ya zagaye kunne. Likita ta yi masa ƙulli a bayan kunnen, ta bar jela mai tsawon yatsa tana lilo a wuya. Kafin mu shiga ɗaki na miƙa hannu na ce ta ba ni almakashin. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe. Na ce ko ta ba ni ko in koma in gaya wa Likita. Ta cire igiyar daga wuyanta ta jefa mini. Na ɓoye shi a cikin gwangwanin gishiri, can saman kantar kicin, inda hannunta ba ya kaiwa.

Kwanakin farko sun tafi daidai. Shayi yana wucewa, romo yana wucewa, ran na biyar ta ci dafaffen ƙwai. Zaren yana sa ta atishawa, yana goge mata hanci, ba ta yi ƙorafi ba. Jelar nan ce kawai ta tsaya mata a rai. In ta juya kai sai ta shafi wuyanta, ga shi bakin ya fara tarwatsewa. Kullum da safe sai ta tsaya gaban madubi ta karkata kai tana kallonta.

"Yarinyar nan tana da hankali," in ji ta, "amma ba ta gama aikinta ba. Wa yake barin jela haka?"

Na ce, "Ba riga ba ce, Yaya. Ki bar mata abinta."

"Na bari. Cewa kawai na yi."

Zaman gida ne ya fi ciwon cinta. Mace ce da tun tana budurwa ba ta taɓa yin yini guda hannu sake ba. In na dawo da yamma sai in tarar da ita a kujera gaban taga, yatsunta biyu suna buɗewa suna rufewa a kan cinya, ba ta ma san suna yi ba. Ta daina tsokanata. Ta daina tambayar wane tela ne ya yi ƙazanta yau. Ran kwana na goma na tarar ko labule ba ta ɗaga ba, shayin safe yana nan ya yi sanyi. Tausayi ya kama ni, kuma tausayin nan shi ne nawa laifin, ba na ɗora wa kowa. Washegari da sassafe na je na roƙi manaja ɗauri ɗaya na rigunan makaranta, na kawo mata gida, na sauko da gwangwanin gishiri. Na ce riguna kawai. Ta ce, "Ni yarinya ce?" Yadda ta rataya igiyar nan a wuya, sai da fuskarta ta yi haske. Na tafi aiki zuciyata wasai.

Da yamma na tarar an gama rigunan, an jera su tsaf. Ita kuma ta ɗaura ɗankwali ya sauko ya rufe kunnuwa, wai iska tana damunta. Zaren yana nan daga hanci zuwa kumatu, da sabon filasta. Tun a asibiti nas ta ce ni zan riƙa canza filastan, amma Yaya ta ce ta riga ta canza, in huta. Na ji daɗi ma. Da na kawo ƙwai ta ce ta ƙoshi. Washegari ma ta ce ta ƙoshi, shayi kawai, kuma shayin ma a ɗaki ta sha, ƙofa a rufe.

Ran kwana na sha uku da safe na shiga ɗaukar tawul, tana zaune bakin gado ba ɗankwali, hasken taga yana kan wuyanta. Na wuce har na kai ƙofa, sai na dawo. Shekara ashirin ina goge abin da ya fito daga hannun matar nan, na san aikinta ko a cikin dubu. Ƙullin da ke bayan kunnenta ƙarami ne, tsaf, a kwance, babu jela ko ta gashi ɗaya. Zaren kuma ba ya sheƙi. Baƙin zaren auduga ne, irin wanda muke ɗinka wandon makaranta da shi.

Na ce, "Yaya, wa ya ɗaura wannan?"

Ta kai hannu za ta jawo ɗankwali. Na riga ta. Na kama zaren a kumatunta na ja a hankali, filastan ya ɗago, sai ga bakin zaren ya fito daga hancinta, bai fi rabin yatsa ba, ba a haɗe da komai ba.

Na san na yi faɗa. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na tuna mata bencin asibiti, na tuna mata romo, na ce kwana uku kacal suka rage, uku, na ce ko yaron goye aka gaya wa ya ji. Ta bar ni har na gaji don kaina na zauna a ƙasa. Sannan ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon hannunta.

Ta gama riga ta arba'in, ta tashi za ta sha ruwa, ta gifta ta gaban madubi. Ta ce ba ta yi shawara ba, ba ta ma tsaya ba, ƙarar kawai ta ji. Ba zaren ta yanke ba, ta rantse, jelar ce kaɗai, daidai gindin ƙulli, yadda take yi kullum. Har ta ji daɗin yadda ya yi kyau.

"Zaren auduga yana cizon kansa, Auta. In kin ƙulla kin datse, ya zauna ke nan. Na ɗauka duk zare haka yake. Nasu santsi gare shi, jelar ce ke hana shi kwancewa. Ni ban sani ba. Shekara talatin ina yanke zare ban sani ba."

Ƙurar rigunan ta sa ta atishawa, sau uku a jere. A na ukun ta ji ƙullin ya saki, zaren ya zame ta ƙarƙashin filasta. Ta kai hannu, ta taɓa bakinsa a ƙofar hanci, ya kuɓuce ya shige. Ta ce ta daɗe a tsaye a wurin. Daga nan ta buɗe akwatin zare ta zaɓi wanda ya fi kama.

Na ce, "Don me ba ki kira ni ba? Da an je a ranar, wataƙila da an kamo shi."

Ta ce, "Na ga yadda kika fita da safen ranar kina murna. Kuma na ga yadda kike cin abinci a tsaye. Na ce bari in ba shi kwana ukun, ko Allah zai sa ya kama da kansa."

Na tashi na ɗauko mayafina da katin asibiti.

Hoton bai ɗauki lokaci ba. Ɗan haya na uku yana can cikin ciki, a karkace, da zarensa a naɗe a jikinsa. Likita ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ita ma da laifinta, da ta faɗi amfanin jelar, ita ba ta taɓa tunanin wani zai taɓa ta ba. Ta ce ko da zaren yana nan, ba kowane lokaci yake riƙewa ba.

Yaya ta ce, "'Yata, kada ki rarrashe ni. Ni na yanke."

Likita ta ce akwai masu ƙera waɗannan abubuwa da ba su daina neman dabara ba, wasu suna yi musu 'yan ƙayoyi a jiki, wasu ninki biyu, wasu kuma ɗinke su ake yi da nama daga ciki. In wurin ya huta wata shida ko shekara, za a duba, ba ta yi alkawari ba. Ni na riƙe maganar nan da hannu biyu. Yaya ba ta tambayi komai a kai ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko bututun zai hana ta sunkuyawa a tebur.

Bayan kwana biyu aka ciro ɗan hayan, aka huda cikin aka sa bututun. Da ta farfaɗo, nas ta zo ta ɗaga rigar don ta koya mini yadda ake wanke wurin da yadda ake ɗura abinci da sirinji. Bututun roba ne ya fito daga gefen hagu na cikinta, an kama shi da fata da ɗinki biyu. Baƙin zare ne mai sheƙi. Kowane ƙulli da jelarsa biyu, a miƙe.

Yaya ta ɗago kai daga matashi ta kalli cikinta. Na ga idonta ya tsaya a wurin, na ga yatsun nan biyu sun motsa a kan zanin gado. Ta ce in miƙo mata jakarta. Ta laluba ta ciro almakashin, ta naɗe igiyar a jikinsa a hankali, ta kama hannuna ta sa a ciki ta rufe yatsuna a kai.

"Ba a gwangwanin gishiri ba," in ji ta. "Tun ran farko na san yana can. Ki rataya a wuyanki. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Yau wata biyar ke nan. An daɗe da cire ɗinkin, bututun ya zauna, shi kam bai taɓa motsi ba. Ta koma kamfanin, manaja ya sa ta ninke kaya, wata mata ce a teburin taga yanzu, kuma rigunan da ke isowa wurina sai a hankali. Almakashin yana wuyana. Ba ta taɓa roƙo ba. A mota wani lokaci nakan ga hannunta ya tafi ƙirji ya dawo.

Sau biyar a yini nake ɗura mata abincinta, ruwa-ruwa, launin ƙasa, ba ya wari ba ya ƙamshi. Ta yi ƙiba kaɗan. Abu ɗaya ta hana ni tun ranar da muka dawo gida, cin abinci a kicin. Ita ce ma ke dafawa, ta ce hannunta yana bukatar aiki. Jiya da yamma na ji ƙauri na taso da sauri, na tarar tana tsaye a kan tukunya, ta rage wuta, tana jira. Da na gama cin shinkafar ta jawo tukunyar gabanta, ta kankare gindin da cokali, ta tara ƙanzon a faranti, ta turo mini.

Na ce na ƙoshi.

Ta ce, "Ban tambaye ki ba. Ki ci a nan, kusa da ni. Kuma kada ki rufe baki, ina so in ji."

Na ɗauki ɓari ɗaya na sa a baki. Na tauna da ƙarfi yadda za ta ji, ita kuma ta jingina da bango ta lumshe ido.